Yadda Ake Tantance Sa Hannun Shahararrun Mutane da Yadda Ake Sanin Kuɗinsa

A ƙarshen 2022, kamfanin ɗab'i na Simon & Schuster ya fitar da kwafi 900 na wani littafin mawaƙin Amurka Bob Dylan, kowanne a kan kusan dala 600. Abin da ya sa masa tsada shi ne an ce mawaƙin ya sa hannu a kowane kwafi, har da wasiƙar tabbaci daga shugaban kamfanin. Da littattafan suka isa hannun masu saye, sai suka fara ɗora hotunan sa hannun a intanet suna gwada na juna. Nan take asiri ya tonu: 'yan samfura kaɗan ne ke ta maimaituwa, layi bisa layi. Na'ura ce ta yi aikin. Kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu, Dylan kuma ya fito ya ba da haƙuri.

To idan babban kamfani da wasiƙarsa bai zama hujja ba, ina ga wani mai shafi a Instagram da ke tallar rigar Messi? Saboda haka duk abin da aka kawo maka, ɗauke shi a matsayin jabu har sai ya wanke kansa. Kuma akwai tsarin da ake bi wajen binciken. Sabon shiga yakan fara da takardar shaida, alhali ita ce ta kusan ƙarshe.

Mataki na farko: duba abin da aka sa hannun a kai

Kada ma ka kalli sa hannun tukuna. Tambayi kanka ko wannan abu ya wanzu a lokacin da mutumin ke raye. Wannan bincike ba ya buƙatar ƙwarewa, kalanda kawai yake so, amma yana kama jabu da yawa.

Maradona ya rasu a Nuwamba 2020. Ƙwallon da aka buga Kofin Duniya na Qatar da ita ba ta fito ba sai 2022. Duk wanda ya nuna maka ita da sa hannun Maradona, magana ta ƙare. Rashidi Yekini ya rasu a 2012, don haka ba yadda za a yi hannunsa ya hau rigar Super Eagles ɗin nan ta 2018 da aka yi ta rububinta. A rigar ƙwallo, duba kamfanin da ya ɗinka ta, da tallar da ke gabanta, da tambarin gasar da ke hannunta, domin duk waɗannan suna faɗin kakar da aka yi ta.

Abin rubutun ma yana da shekaru. Biro bai shiga kasuwar Amurka ba sai Oktoba 1945, don haka sa hannun mai ƙirƙire-ƙirƙire Thomas Edison, wanda ya mutu a 1931, ba zai zo da biro ba. Makar Sharpie, wadda 'yan wasa suka fi amfani da ita yau, ta fito a 1964. 'Yar fim Marilyn Monroe ta mutu a 1962, Shugaba Kennedy a 1963. Babu ɗayansu da ya taɓa riƙe ta.

Takarda kuma tocila mai hasken UV ke tona ta, irin wadda ake duba kuɗin jabu da ita. Daga wajen shekarun 1950 masana'antu suka fara zuba wa takarda sinadarin da ke ƙara mata fari, kuma wannan sinadari yana ƙyalli da shuɗi a ƙarƙashin hasken. Wasiƙar da aka ce ta 1920 ce, in ta yi wannan ƙyalli, akwai matsala. Sai dai rashin ƙyallin ba ya wanke ta, domin masu jabu kan sayi tsofaffin littattafai su yanke fararen shafukan ƙarshe su yi rubutu a kai. Abin da ke kama su shi ne sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda takan nashe, gefen layin ya yi gashi-gashi.

Wannan mataki yana aiki a gida ma. Akwai iyalai da ke da wasiƙun Sardauna ko na Tafawa Ɓalewa a akwatin kakanni. Dukansu an kashe su a Janairu 1966. Wasiƙar da ta ambaci naira, wadda ta fara aiki a 1973, ko ta ambaci Jihar Kano, wadda aka ƙirƙira a 1967, ba daga hannunsu ta fito ba, komai kyan hatimin da ke kanta.

Mataki na biyu: hannu ne ya rubuta, ko inji?

Kayan aikinka a nan kaɗan ne: gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na masu gyaran agogo, da fitila, da haƙuri.

Sa hannun da ba hannu ne ya rubuta ba iri uku ne. Na farko shi ne sa hannun da aka buga tare da hoton. Kulob-kulob da ofisoshin 'yan fim kan aika wa masoya irin wannan da yawa, kuma ba da niyyar cuta ba. Karkata hoton a gaban fitila. Tawadar gaske tana zaune a saman takarda, ƙyallinta daban da na hoton. Wanda aka buga kuwa yana ƙarƙashin ƙyallin, shi da hoton abu ɗaya ne. Da gilashi za ka ga layin ya rarrabu zuwa ɗigo-ɗigo na injin bugu.

Na biyu hatimin roba. Tawadarsa takan taru a gefen layuka, tsakiya ya yi fari-fari, kuma ba ka ganin inda wani layi ya hau kan wani. A rubutun hannu, inda layuka biyu suka gitta, za ka iya gane wanda ya riga.

Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne na'urar autopen, wadda ta ci mutanen Dylan. Ita alƙalamin gaske take riƙewa, da tawadar gaske, tana bin samfurin da aka ba ta. Shugabannin Amurka sun daɗe suna amfani da ita. A 2011 ma Barack Obama yana Faransa aka sa wa wata doka hannu da ita a madadinsa. 'Yan sama jannatin NASA sun amsa dubban wasiƙu da ita. Alamominta su ne: kaurin layi ɗaya ne daga farko har ƙarshe, saboda na'ura ba ta san dannawa da sassautawa ba, akwai ɗigo a inda alƙalamin ya sauka da inda ya tashi, domin tsaye yake sauka, tsaye yake tashi, wani lokaci kuma layin kan yi 'yar karkarwa inda takardar ta motsa. Hujjar da ba ta da ja ita ce ka sami wani kwafi da ya yi daidai da naka. Ɗan Adam ba ya sa hannu sau biyu iri ɗaya sak. Ɗauki hoton naka da na wani, ka daidaita girmansu a kwamfuta, ka ɗora ɗaya kan ɗaya. In suka haɗe ba saɓani, inji ne. Masu tara irin waɗannan kaya sun wallafa samfuran autopen na shugabanni da 'yan sama jannati a intanet, sai ka nema ka gwada.

Mataki na uku: hannun wa?

An tabbatar hannu ne ya rubuta. Saura a san mai hannun. Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka.

Shahararren mutum ba ya iya amsa duk wasiƙun da ke zuwa masa, sai ya wakilta wani. A shekarun 1960, da yawa daga cikin hotunan mawaƙan Beatles da suka isa hannun masoya, masu kula da tafiye-tafiyensu ne, Neil Aspinall da Mal Evans, suka sa musu hannu. Walt Disney, mai kamfanin fina-finan katun, yana da masu zane a kamfaninsa da aka ba izinin rubuta sunansa. Irin wannan sa hannu tsoho ne, takardarsa ta zamanin ce, daga ofishin mutumin ta fito, wanda ya gaje ta kuma zai rantse maka da gaskiyarsa. Duk da haka ba hannun mutumin ba ne, kuma kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai.

Maganin wannan shi ne tara samfura. Kada ka ɗauko su daga binciken hotuna na Google, domin rabin abin da za ka gani can shi ma jabu ne, sai ka wayi gari kana auna ƙarya da ƙarya. Je ka rumbun cinikin da manyan gidajen gwanjo suka riga suka yi, irin su RR Auction da Heritage Auctions da Bonhams da Christie's da Sotheby's. Samfurin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ke kan takardar da doka ta tilasta mutum ya sa hannu da kansa: cakin banki, kwantiragi, fasfo. Ga shugabannin Arewa, wurin neman samfuri shi ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, sai Gidan Mambayya a Kano ga abin da ya shafi Malam Aminu Kano.

Nemi samfura goma ko fiye, kuma su zama na shekarun da ake cewa an yi naka. Hannun mutum yana canzawa. Muhammad Ali misali ne mai kyau. Kafin 1964 Cassius Clay yake rubutawa. A shekarun 1960 da 1970 rubutunsa manya ne, a sake, da gudu. Bayan an gano yana da cutar Parkinson a 1984, sai rubutun ya riƙa ƙanƙancewa yana matsewa shekara bayan shekara. Wanda ya kawo maka hoton da aka ɗauka a ƙarshen rayuwarsa da sa hannu irin na saurayi, ka san ba haka ba ne. Akwai kuma wani abu: daga baya Ali ya riƙa rubuta tsohon sunansa a zaman sa hannu da ake biyansa, don haka ganin Cassius Clay kawai ba ya nufin abin ya girmi 1964. Na ainihin zamanin ya fi na baya kuɗi nesa ba kusa ba.

Yanayin da aka sa hannun ma yana da tasiri. Ɗan wasan da aka tare a bakin motar kulob, mutane na turereniya, zai ja wani layi ne kawai ya wuce. Shi ɗin dai, in yana zaune a tebur an biya shi, zai rubuta kowane harafi. Gwada irin da irinsa.

Wajen gwadawar, kada ka tsaya kan siffar haruffa, domin ita ce abin da mai jabu ya fi iya kwaikwaya. Ga abin da za ka duba. Daga ina alƙalamin ya fara? A ina yake ɗagawa? Yaya tsayin babban harafi yake in an gwada shi da ƙananan? Sunan yana hawa sama ne ko yana gangarowa? Nawa ne tazarar da ke tsakanin sunan farko da na biyu? Sai ƙananan al'adu: Maradona kan ƙara lamba 10 cikin baka a ƙarƙashin sunansa, Pele kuma wani lokaci yakan haɗa da sunansa na yanka, Edson.

Wata dabara da masu harkar ke yi ita ce juya takardar kai ƙasa. Idan ka daina karanta sunan, idonka zai koma ganin layuka kawai, bambancin sai ya fito.

Babban abin da ke raba gaskiya da jabu shi ne gudu. Mai suna ya rubuta sunansa sau dubbai, hannunsa ne ke tafiya ba tunaninsa ba. Layinsa kan fara siriri, ya yi kauri inda ya danna, ya ƙare da wutsiya siririya saboda alƙalamin ya tashi yana cikin tafiya. Mai jabu zane yake yi, yana kallon samfuri yana bi a hankali. Da gilashi za ka ga layinsa ya yi nauyi iri ɗaya, da karkarwa a kwana, da tsayawa a tsakiyar harafi inda ya ɗaga ido ya sake duba samfurin, wani lokaci har da gyara inda ya koma ya cike. Karkarwar tsufa daban take: tana ko'ina a rubutun, ba a wurare masu wuya kaɗai ba.

Rigar da aka ce dukan 'yan ƙungiya sun sa wa hannu tana da nata binciken. Fara da jerin sunaye. Tawagar Najeriya da ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 tana da Kanu da Okocha da Amokachi da Amunike da Tijjani Babangida da Garba Lawal, amma babu Yekini a ciki. Daga nan ka dubi rigar daga nesa. Mutum goma sha takwas ba sa danna maka iri ɗaya, ba sa karkata rubutu gefe ɗaya, ba sa jera sunayensu da tazara daidai kamar an auna da rula. Rigar gaske a hargitse take, wani ya hau kan wani, wani ya rubuta a karkace. Wadda ta cika tsari, mutum ɗaya ne ya zauna ya cika ta.

Mataki na huɗu: bi asalinsa

Kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, haka za ka bi abin nan hannu bayan hannu har zuwa ranar da aka sa masa hannu. Wa ya karɓa? A ina? Yaushe? Me ke nuna haka? Tikitin shiga filin wasa na ranar, ambulan da wasiƙar ta zo a ciki da tambarin gidan waya, rasit na gwanjon da aka taɓa sayar da shi, duk suna ƙara ƙarfi.

Rigar da Maradona ya ci Ingila ƙwallaye biyu da ita a 1986 ta nuna amfanin wannan. Ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya yi musayar riga da shi bayan wasan, ta zauna shekaru a gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila, kowa ya san inda take. Duk da haka, da aka zo sayarwa, 'yar Maradona ta ce wannan ta kafin hutun rabin lokaci ce, ba wadda ya ci ƙwallayen da ita ba. Sai da Sotheby's ta sa aka gwada zare da ɗinkin rigar da hotunan wasan kafin aka sayar da ita fam miliyan 7.1 a Mayu 2022. Abin da ke da silsila irin wannan ma an yi jayayya a kansa, balle wanda hujjarsa ita ce "wani yayana ne da ke Landan ya samo".

Ka yi hattara da hoton da ake nunawa na tauraro yana sa hannu. Hoton ya tabbatar ya sa hannu a kan wani abu a wata rana. Bai tabbatar naka ne ba. Hoto ɗaya kan raka riguna ɗari. Sai in kana iya ganin sa hannun a cikin hoton, a daidai wurin da yake a rigarka, da siffa ɗaya.

Dubi mai sayarwar shi kansa. In yana da Messi ashirin, Ronaldo ashirin, ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan goma, kuma duk wanda aka saya gobe akwai wani, tambayi kanka daga ina. Manyan 'yan wasa suna da kwantiragi da kamfanonin da ke sayar da sa hannunsu: Jordan da Upper Deck, Messi da Icons. Duba farashin can. Wanda ke ba ka a kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi ba sonka yake ba. Araha ba ta ado.

Mataki na biyar: takardar shaida

Sai yanzu muka zo kanta. Masu sayarwa na kiranta COA, kuma duk mai firinta zai iya buga ta. A Oktoba 1999, hukumar FBI ta kai samame a wani bincike da ta kira Operation Bullpen, inda ta tarwatsa gungun masu jabun sa hannun 'yan wasa da aka fi jin ƙarfinsu a California. Kayansu suna fita ne da takardun shaida, domin da masu ba da shaidar aka haɗa baki. Ƙarfin halinsu ya kai har sun buga sa hannun fitacciyar mai aikin jinƙai Mother Teresa a kan ƙwallon besbol.

Darajar takarda tana ga wanda ya ba da ita. A kasuwar Amurka kamfanonin tantancewa uku aka fi karɓa: PSA/DNA, da JSA, da Beckett. Kowannensu na liƙa 'yar takarda mai lamba a jikin abin. Shiga shafin kamfanin da kanka, ba ta mahaɗin da mai sayarwa ya turo maka ba, ka sa lambar. Kada ka tsaya a kan cewa lambar ta fito. Karanta bayanin: in ya ce hoto ne kai kuma riga ce a hannunka, an kwafi lambar ne. In akwai hoto a rumbun, gwada shi da naka.

Shaida iri biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai wadda wakilin kamfani ya tsaya ya ga an sa hannun da idonsa. Hukumar besbol ta Amurka ta kafa irin wannan tsari a 2001, bayan badaƙalar da na ambata. Akwai kuma wadda masani ya duba daga baya ya ce a ganinsa na gaske ne. Ta biyun ra'ayi ce. Ra'ayin ƙwararre ne, kasuwa na girmama shi, amma an sha samun abin da wannan kamfani ya karɓa wancan ya ƙi. A abu mai tsada sosai, nemi ra'ayi biyu.

Ga mai saye daga nesa, PSA da Beckett suna da wata hidima mai sauƙin kuɗi: ka tura musu hoto ko adireshin tallar, su ba ka ra'ayin farko kafin ka biya. Ba cikakkiyar shaida ba ce, amma ta fi cinikin biri a sama. In dillali ne a Birtaniya, duba ko yana cikin AFTAL, ƙungiyar dillalan sa hannu, sannan ka nemi ya rubuta maka a rasit cewa zai mayar da kuɗi duk ranar da aka tabbatar jabu ne, ba tare da wa'adi ba. Wanda ya ƙi rubuta wannan ya ba ka amsa.

Mataki na shida: yi masa kuɗi

Shahara kaɗai ba ta sa tsada. Abin da ke sa ta shi ne masu nema su fi abin da ke akwai yawa. Pele ya yi shekaru sama da sittin yana sa hannu ga duk wanda ya miƙo takarda, Ali ma haka, har ƙasidun wa'azin Musulunci yakan sa wa hannu ya raba wa mutane. Shi ya sa sa hannunsu na yau da kullum bai kai yadda mutane ke zato ba. Neil Armstrong kuwa, mutum na farko da ya taka duniyar wata, ya daina sa hannu a 1994, nasa ya yi tsada tun yana raye. Steve Jobs na kamfanin Apple ba ya son yi sam. Wata wasiƙarsa ta 1983, wadda a ciki yake gaya wa wani cewa shi ba ya sa wa mutane hannu, sannan ya sa hannu a ƙasanta, an sayar da ita kusan dala 480,000 a 2021. Akwai kuma Button Gwinnett, wanda ko a Amurka ba kowa ya san shi ba. Yana cikin mutum 56 da suka sa hannu a takardar 'yancin ƙasar, ya mutu a 1777, kuma sa hannunsa 51 kawai aka sani. Duk mai son haɗa na mutum 56 ɗin dole ya bi ta kansa, shi ya sa aka sayi guda a dala 722,500 a 2010.

Bayan mutumin, sai abin da ya sa hannun a kai. Mafi ƙanƙanta shi ne sa hannun da aka yanko daga wata takarda. Sama da shi shafin littafin tara sa hannu, sai hoto, sai abin da ya shafi sana'arsa: safar dambe ga ɗan dambe, riga ga ɗan ƙwallo, kuma rigar da ya buga wasa da ita ta fi ta shago nesa. A wasiƙu, wadda aka rubuta da hannu gaba ɗaya, da kundin gwanjo ke yi wa alamar ALS, ta fi wadda aka buga da tafireta ya sa hannu, wato TLS. Abin da wasiƙar ta ƙunsa shi ne kan gaba. Sa hannun masanin kimiyya Einstein shi kaɗai 'yan dubban daloli ne. 'Yar takardar da ya rubuta wa wani ɗan aike a otal a Tokyo a 1922, mai ɗauke da shawara kan zaman lafiyar rai, ta kai dala miliyan 1.56 a 2017. Wasiƙarsa ta 1954 kan addini ta kusa dala miliyan 2.9 a Christie's a 2018. Hannu ɗaya ne ya rubuta duka.

Sai lafiyar abin. Tawadar da ta koɗe, ninki da ya ratsa sa hannun, tabon salatif, baƙar maka a kan wuri mai duhu inda ba a ganinta, duk suna rage kuɗi. Rubuta sunan wanda aka ba, irin "zuwa ga wane", yakan rage farashi domin mai saye ba ya son sunan wani a bangonsa. Ni dai ina ganin kasuwa ta yi wa irin wannan rashin adalci: ƙarin rubutu ƙarin hujja ne, kuma mai jabu ba ya son rubuta kalma ɗaya fiye da dole. Ga mai ƙaramin ƙarfi, nan ne ake samun na gaske da sauƙi.

Yanzu lissafi. Farashin da aka rubuta a talla ba shi ne daraja ba, buri ne na mai kaya. Abin da za ka nema shi ne nawa aka sallama. A shafin ciniki na eBay akwai inda ake zaɓar ganin abin da aka riga aka sayar kawai, gidajen gwanjo kuma suna ajiye sakamakonsu. Tara ciniki biyar zuwa goma na shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, masu kama da naka a nau'i da zamani da lafiya da irin shaida. Cire mafi tsada da mafi araha, ka dubi inda sauran suka taru. Ka kuma lura da lokaci: in shahararre ya rasu, farashi kan yi tsalle na 'yan makonni, jabu su cika kasuwa, daga baya ya sauko. Wannan ne mafi munin lokacin saye.

Kada ka manta da la'ada. Gidajen gwanjo na ɗora wa mai saye kashi 20 zuwa sama da 25 cikin ɗari a kan farashin da aka buga guduma. A ce ka ci gwanjo a dala 400, la'ada kashi 25: ka tashi a 500, kafin kuɗin aikowa da inshora da na kwastan da canjin dala. Ranar da za ka sayar kuma, za a cire maka la'adar mai sayarwa daga farashin guduma. Wato sai abin ya tashi sosai kafin ka mayar da uwar kuɗinka. Ka biya ta hanyar da za ka iya ƙalubalantar cinikin in kaya ya zo ba daidai ba, kada ka tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wanda ba ka sani ba.

Mataki na bakwai: adana shi

Mun saba kai duk takarda mai muhimmanci shagon kwamfuta a liƙe ta da leda. Kada ka kuskura ka yi wa sa hannu haka. Zafi da gam ɗin suna shiga takardar, ba a iya cirewa, masu tantancewa ba sa iya duba tawadar yadda ya kamata, kuma masu saye na ɗaukarta a matsayin lalatacciya. Haka salatif da gam da fil na ƙarfe. In tawada ta koɗe, bar ta yadda take, bin ta da sabon biro kashe ta ne gaba ɗaya.

Rana ce babbar abokiyar gaba, musamman ga maka da biro. In za ka sa a firem, nemi gilashi mai tare hasken UV, a sa kwali marar asid tsakanin gilashin da takardar don kada su manne, a rataye a bangon da rana ba ta bugu. Mafi aminci shi ne ka rataye kwafi, na ainihin ya zauna a leda ta musamman marar PVC, a kwance cikin akwati, nesa da ƙasa da bangon waje saboda laimar damina da gara. Zuba 'yan ƙullin silika masu shan danshi a akwatin, ka riƙa canza su. Rigar da aka sa wa hannu ba a wanke ta, ba a goge ta, ba a ninke ta a kan rubutun.

In kuma kai ne za ka karɓi sa hannun da kanka, tafi da sabuwar maka da ka riga ka gwada, shuɗiya ko baƙa ga wuri mai haske, mai ruwan azurfa ga wuri mai duhu. Sa kwali a cikin rigar don ƙyallen ya miƙe. Wani ya ɗauki bidiyo tun daga miƙa rigar har a ga rubutun a kusa. Ba tawadar 'yan mintuna ta bushe kafin ka taɓa. A ranar, rubuta wuri da kwanan wata da sunan taron a wata takarda daban, ka haɗa da tikitin shiga, ka ajiye su tare da rigar.